Jinyar Babban Yatsa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Ki durƙusa ki gaishe mini da Baba, ki ce Autansa na nan ƙalau.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. An rufe layin wayata, ni da duk wanda ba shi da kati. Direban tirelar da ke kawo mana siminti ya ce yana ratsa garinmu duk mako, shi ne na ce bari in karkaɗe karatuna na aji huɗu. In kin ga kuskure ki haɗiye, kada ki ɗauko jan biro.

Kin dai ji majalisar ƙasar nan ta zartar da dokar da suka shekara biyu suna ja-in-ja a kanta. Ga yadda take a ƙasa. An ba mu kwana sittin, yau saura arba'in. Duk baƙon da ba shi da takarda ya je ya yi rajista da zanen yatsa, da wasiƙar wanda yake wa aiki. Wanda ya samu kati zai riƙa fita yana dawowa ta babbar ƙofa kamar mutum. Wanda aka kama ba kati bayan wa'adi, a tsare shi, a mayar da shi, kuma shekara goma ba zai sake takowa ba. Hanyar busasshen rafin da na shigo ta, kin san shekara uku ke nan da aka ja mata waya. Yanzu an ƙara ta biyu, har da karnuka.

Ni murna ma na yi. Na ce ga hanyar ganin Baba ta samu ba tare da na rasa aikina ba.

Shekaranjiya na je. Wani tsohon sito ne aka mayar ofis. Na kama layi tun da safe, ban kai bakin ƙofa ba sai da inuwa ta juya. Akwai jami'i a ƙofar da wata 'yar na'ura kamar sabulun wanka, da gilashi a samanta. Ka ɗora babban yatsa, in ta kawo kore ka shige ciki, in ta kawo ja ka koma. Na ɗora, ja. Na goge a wando, ja. Na hura masa iska, na shafa a goshi don ya samu maiƙo kamar yadda na ga wasu suna yi, ja dai. Sai ya kama hannuna ya juya shi kamar mai taya akuya, ya ce, "Bulo ko wanki?" Na ce bulo. Ya ce da ma ya sani, in je in yi jinya in dawo.

Da na fito na zauna a bakin kwalbati na dubi hannuna. Yaya, shekara shida ina ɗaukar bulo da shi ban taɓa kallonsa ba. Kan yatsun sumul, kamar bayan cokali. Ba layi ko ɗaya. Kuma na lura da waɗanda ke shigewa: masu sayar da gilashin waya ne, da masu zaman tasha. Masu wanki da masu siminti da matan da ke wanke-wanke a otal, mu ne muka cika bakin kwalbatin. A wurin aikinmu mutum bakwai sun je, ba wanda ya wuce ƙofar, don haka ba wanda ya san abin da ke ciki.

Na yi wa Maigida, mai wurin aikinmu, maganar hutu. Bai yi faɗa ba, ya dai nuna mini get. Mutum sun fi talatin a tsaye suna jiran gurbi. Ya ce doka ta ce wanda ke bakin aiki a makon kaɗai zai buga wa hatimi a wasiƙa, in ya yi ƙarya shi za a ci tara. To kin gani: in na huta ba wasiƙa, in ban huta ba ba yatsa.

Ki tambayar mini Baba, shi da ya yi shekara arba'in yana gini. Zanen nan yana dawowa kuwa?

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna amsa gaisuwa. Takardarka ta iso duk ƙurar siminti. Jan biro ban sa ba, amma hannuna ya yi ta ƙaiƙayi.

Zan fara da abin da na so in faɗa maka baki da baki. Na kai Baba wurin likitan ido. Ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana gani kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Na tambayi likitan saura wata nawa, sai ya hau gyara takardun tebur. Baba kuwa ka san shi. Jiya ya zuba ruwa gefen kofi, ya ce kofin ne ya matsa. Ya hana ni gaya maka, ga shi na gaya maka.

Na karanta masa wasiƙarka sau biyu. Da na zo wurin "bulo ko wanki" ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce zane yana dawowa. Shekarar da ya faɗo daga kan gini ya yi wata guda a kwance, layukan suka fito kamar ciyawa bayan ruwan farko. Ya ce mako uku ya isa.

Na ce to ai ba hutu. Sai ya gyara zama, ka san yadda yake yi in zai yi wa mutum karatu. Ga maganarsa yadda ya faɗe ta, don ya sa na rantse ba zan gyara ba:

"Wa ya ce ya hutar da goma? Gwamnati babban yatsa kaɗai ta sani. Tun ina saurayi nake dangwalawa, a wurin aiki, a asibiti, a takardar gidan nan, ba wanda ya taɓa tambayata sauran. Ya shafe manyan biyu da mai, ya naɗe su, ya yi aiki da takwas."

Na ce Baba zamani ya canza. Ya ce zamani bai ƙara wa mutum yatsa ba. Kuma in an bi ta gaskiya kai ma ka ce babban yatsa mai ƙofar ya nema, don haka na tashi neman mai.

Ga kwalbar man shafawa a hannun direba. Tsumman da ke ciki tsohon zanen marigayiya Inna ne, mai laushin nan. Na yayyanka shi da almakashin ɗinkina, na kalmashe bakinsa don kada zare ya dame ka. Ka riƙa canzawa kullum, kada ka yi ƙazantarka da na sani, ta mutumin da sai an bi shi da bulala yake wanke ƙafa.

Kuma ka ji ni: ba a fafe gora ranar tafiya. Kana ganin layi ya fito ka tafi, kada ka tsaya haƙurin nan naka da ke sa mutum goma su shiga gabanka kana yi musu sannu.

Maigidana na gaishe ka. 'Yan biyu sun ce wai kai ne kawun da ke cikin hoto ko wani ne daban.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar gida, da ta Baba. Maganar idonsa ta shiga, ba ni da abin cewa a kanta sai addu'a. Yau saura kwana ashirin da biyu.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da naɗe manyan biyu. Ashe mutum bai san darajar babban yatsa ba sai ya sallame shi hutu. Bulo ana kama shi ne ta rami, babba a ciki, sauran a waje. Yanzu sai dai in matse shi tsakanin tafuka, in tallafe da yatsu takwas, in tafi da shi kamar mai ɗauke da jaririn wani. Ranar farko na fasa uku, ɗaya a kan ƙafata. Cokali kuwa a dunƙule nake riƙe shi kamar yaron goye. Maɓallin riga ya gagare ni sam.

Akwai wani abokin ɗakina da muke kira Ɗan Gayu, don shi kaɗai ke sa safar hannu a wurin aiki. Shekara huɗu muna yi masa tsiya. Ni kaina na sha gaya masa abin da Baba ya koya mana, cewa hannu shi ne idon magini, ba a rufe shi. To yanzu shi ke ɓalla mini maɓallan riga da safe. Yana yi yana cewa, "Ranka ya daɗe, yaya manyan baƙi suka kwana? A kawo musu ruwan zafi?" Shi bai je rajistar ba tukuna, wai sai layi ya ragu. Mun shirya mu tafi tare.

Unguwa ta fara yin fili. Mai askinmu ya rufe, ya bar kujerar a waje ba wanda ya ɗauka. Matar da ke sayar mana da abinci a bakin get ta tafi da 'ya'yanta. A ɗakinmu mu shida ne da, yanzu katifa biyu a naɗe suke jikin bango, ba wanda ya yarda ya shimfiɗa ƙafa a gurbinsu.

A talabijin ɗin mai shayi na ga wani ɗan majalisa yana cewa dole maigida ya san wanda ke kwana a gidansa. Mutane suka hau zaginsa. Ni ban zage shi ba, don gaskiya ya faɗa, Baba ma ba ya barin baƙo ya kwana bai tambayi sunansa ba. Abin da ban gane ba, ga mu mun zo faɗin sunan, an ce ba a ji. Kuma kin san inda bulon da muke bugawa yanzu yake zuwa? Iyaka. Maigida ya samu kwangilar ɗakunan masu gadin sabon shingen. Ban taɓa ganin aiki ya yi yawa irin na watan nan ba.

Ga labari mai daɗi. Jiya da rana na kwance tsumman na fita haske. Yaya, sun fara fitowa. Siraran layuka, kamar sawun ƙadangare a yashi. Na zagaya ina nuna wa mutane kamar wanda aka yi wa haihuwa. Kafin a tashi mutum huɗu sun nemi tsumma, har da wani dattijo mai ban ruwa da tiyo, wanda ke da mata da 'ya'ya biyar a nan. Na raba musu zanen Inna. Ki gaya wa Baba ya samu ɗalibai.

Sauran takwas ɗin dai suna shan wuya, don su ke ɗaukar aikin goma. Har sheƙi suke yi. Amma su ba su da taro da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, direba na hura mini hon a ƙofa.

Ka kashe mu da maganar ɗalibai. Baba ya hana kowa sakat. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya ji yadda ya yi wa na'urar gwamnati wayo daga kan tabarma. Ni kuma kullum sai an tuna mini abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi. Na ce Baba 'ya'yana biyu fa. Ya ce ai rimin bai sani ba.

Rabon da in ga ya ci abinci ya sauke kwano fes tun kafin mu je asibiti. Ya sa an fito masa da kujera bakin ƙofar ɗaki, wai nan haske ya fi. Ya sa na wanke farar rigarsa na goge, ta rataye tana jiranka.

Amma bakin kwalbar nan yana ƙara tsukewa. Shekaranjiya ya gaida maigidana da sunan maƙwabci.

Ka yi sauri.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Wannan ki karanta ke kaɗai tukuna. Yau saura kwana goma.

Jiya muka je, ni da Ɗan Gayu, da wasiƙar Maigida a aljihu. A bakin ƙofa na kwance tsumman. Jami'in nan dai ne. Na ɗora, ko numfashi ban ja ba ta kawo kore. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Mai bulo, ka yi jinya." Na shige ina jin kamar in juya in ɗaga wa na bakin kwalbati hannu.

Ciki benci ne layi-layi, da fanka ɗaya da ke juyawa ba iska. A gaba teburi huɗu, kowanne da na'ura mai faɗin gilashi kamar littafi. Ɗan Gayu ne a gabana. Ina zaune ina kallon bayansa, sai na ga malamar da ke teburin ta kama hannunsa na dama, ta lanƙwashe babban yatsan gefe, ta kwantar da sauran huɗun a kan gilashin. Sannan na hagu, huɗu. Sai a ƙarshe ta ce ya haɗa manyan biyu.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon hannuna a kan gwiwa ba. Sai da na bayana ya taɓa ni.

Ashe ta ƙofa tantancewa ce kawai. Ta ciki takwas take fara nema, kuma sai ta samu aƙalla shida take wucewa zuwa manyan. Malamar ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Tana da wata kwalbar mai a jakarta, da ganin ta ba ta ofis ba ce. Ta shafa mini, ta danna da hannunta, ta sake, sau biyar. Abin da ke fitowa a allo kamar an ɗora ƙwai huɗu. Na ce ranki ya daɗe ko za a fara da manyan, na miƙa mata su. Ta cire tabarau ta duba, ta ce, "Waɗannan kam sun yi kyau." Sai dai na'urar ba ta tsallake, kuma ba ita ta tsara ta ba.

Na tambaya ko akwai wata hanya. Ta ce akwai takardar waɗanda ba su da yatsu, da shaidar likita. Ta dubi nawa ta ce matsalar ita ce suna nan. Ta ce irina tana mayar da ashirin a rana, sun rubuta sama sau uku, an ce majalisa na hutu. Idonta ja ne, Yaya, kamar namu in an tashi aiki. Har na ce mata sannu.

Ɗan Gayu ya samu katinsa. Tun daga ofis har wurin aiki bai yi wasa ko ɗaya ba, ya ɓoye katin a safa kamar abin sata.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne gaya wa ɗaliban Baba. Na tara su bayan injin bulo na faɗa musu. Ba wanda ya zage ni, da sun zaga da ya fi sauƙi. Dattijo mai ban ruwa ya kwance nasa a hankali, ya ninke tsumman gida huɗu, ya miƙo mini ya ce na gode, ya koma ya ɗauki tiyo.

Maigida ya kira ni ofis. Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce in zauna a get in riƙa buɗe wa motoci, sunana na nan a masu aiki. Ɗan Gayu ya ce zai ɗauki rabon bulona. Yanzu hannu biyun duka a naɗe suke cikin safarsa, da gwiwar hannu nake tura ƙofar. Baba ya ce mako uku. Kwana takwas gare ni, in na ware biyu na hanya. Zan gwada, tunda gwaji ba ya cin komai.

Yaya jikin nasa?

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta a bayan keken ɗinki.

Baba ya ji muryar direba, ba yadda zan yi in ɓoye takardar. Sai na riƙe ta a gabansa na karanta masa abin da ba ya ciki. Na ce ta ƙofa ta kawo kore nan take, wannan gaskiya ne. Na ce jami'in ya yaba jinyar, shi ma gaskiya ne. Daga nan na ce na'urar ciki ta lalace an ɗage. Allah ya yafe mini. Ya ce da ma kayan zamani ba su da ƙwari.

Ba zan ce maka ka taho ba. Na san abin da aikin nan yake riƙe da shi a gidan nan, na fi kowa sani, ni ke zuwa kantin magani. Shekara shida ka yi kana haƙuri, ba zan ce ka zubar a kwana ɗaya ba. Amma na san ka. In ta ƙi, za ka ce bari in lafe in ga ko majalisa ta dawo hutu. Kada ka yi. In suka kama ka, wata nawa za ka yi a tsare kafin su mayar da kai, ba wanda ya sani. Baba ba shi da watannin nan. Ni ma na gaji da zama idon mutum ni kaɗai, ban taɓa faɗa maka ba sai yau.

Abu ɗaya nake roƙo. Ko da kati ko ba kati, kada ka gaya masa maganar takwas ɗin. Tunda idon ya fara tafiya ba abin da ya sa ya ji yana da sauran amfani kamar shawarar nan. Ka bar masa ita.

Ka ci abinci. Ka gaishe mini da Ɗan Gayu, ka ce na janye rabona na tsiyar da aka yi masa.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Saura kwana biyu.

Na koma yau. Malamar ta gane ni. Ta samu huɗu cikin takwas, biyu a dama, biyu a hagu. Ta ce da akwai mako guda nan gaba da ta samu shida. Na ce haka ne.

An ce wanda ya fita da ƙafarsa kafin wa'adi ba a rubuta masa shekara goma, yana iya nema daga gida. Haka dai suka ce. Gobe zan hau motar fasinja zuwa iyaka. Wannan takardar za ta riga ni da yini ɗaya, don direba ya tashi yanzu.

Ki ce wa Baba ya sa farar rigar. Maganar da kika roƙa na ji.

Auta

*

Zuwa ga Ɗan Gayu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da Maigida, da mutanen ɗaki in da saura. Na iso lafiya. Ka ce in rubuto yadda fitar take don waɗanda ke shawara.

Ba wuya. Layi ne a ƙarƙashin rumfa, jikin sabbin ɗakunan masu gadi. Na duba bangon da ba a yi wa shafe ba, namu ne, akwai 'yar tsagar nan da injinmu ke bari a kusurwa. A ƙofar fita 'yar ƙaramar na'urar ce, babban yatsa kaɗai take so. Na ɗora, ta kawo kore. Jami'in ya ce da kowa zai zo da yatsa irin wannan da sun tashi da wuri. Ashe jinyar fita na yi.

Ka gaya mini abin da dattijo mai ban ruwa ya yanke. Wanda aka ɗauka a gurbina kuma ka ce ya sa safa, ko za a yi masa dariya. Ka ce ni na faɗa.

Na samu Baba a bakin ƙofa da farar riga. Ya juya ni wajen haske, ya daɗe yana neman fuskata, ya ce ya ga na tara gemu ba izini. Wannan kam ya gani. Sannan ya kama hannuwana. Ya fara da manyan, ya murza, ya ce, "Waɗannan biyun na wa ka aro?" Muka yi dariya, har da Yaya da ke tsaye da almakashi.

Daga nan ya gangara kan sauran, ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa da nasa masu sulɓin. Ya kai ƙarshe ya sake dawowa farko. Dariyar ta ɗauke masa. Bai tambaye ni kati ba. Har aka kawo abinci bai saki takwas ɗin ba.

Allah ya bar zumunci. Ka riƙa ɓalla maɓallan rigarka kana tunawa da ni.

Naka,
Auta